Haƙurin Ruth

Sabon Gari, Wudil
Oktoba

Zuwa ga ɗana Elisha, malamin gobe,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kana lafiya, yaya karatu, yaya sanyin Jos? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta ƙi jinin Juma'a, don ta san ranar kasuwa ce. Sabon wake ya fara shigowa daga Darki, fari tas, ba ƙwaro. In kun yi waya da uwarka ka ce mata 'yar kawunta tana nan da rai, tunda ita ba ta tambaya.

Na ji labarin sabon karatun da ka shiga a makarantarku ta fastoci, kuma gaskiyar Allah na yi murna. An ce yanzu ana koya muku yadda ake zama a saurari mutum. Kai, duniya ta ci gaba! Shekara da shekaru ina zaune a rumfa, mata suna zuwa sayen wake suna sauke mini damuwarsu, ashe digiri nake zubarwa a ƙasa ban sani ba. An ce har da ilimin Turawa na halayyar ɗan Adam, saikoloji, wanda in mutum ya ce kansa na ciwo sai a tambaye shi yadda uwarsa ta yaye shi. Madalla. In ka gama ka zo ka kafa rumfa kusa da tawa, kai kana "uhm, ci gaba", ni ina miƙa musu ruwan sanyi.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san Ruth, 'yar yayana marigayi, wadda na riƙe tun tana firamare, matar Tanko mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Ka kuma ji rasuwar 'yarsu Barakatu da damina, zazzaɓi ya ɗauke ta tana fara tafiya. Abin da ba ka gani ba shi ne yadda Ruth ta tsaya. Elisha, ko ɗigon hawaye. 'Yar fari ce, ita kuma Ruth tarbiyyar gidanmu na Kafur ta samu, ta san kunya. Tun yarinyar na da rai ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "'yar Gwaggo", kuma ba ta ɗaukarta a gaban manya. Ran da aka binne ta, Ruth ce ke zuba wa 'yan gaisuwa ruwa. Maƙwabtanmu Musulmi suka ce ba su taɓa ganin tawakkali irin wannan ba. Matan zumunta suka ce bangaskiya ce tsantsa. Kowa ya ga nasa a ciki.

Yanzu matar Fasto ta sa ta cikin tsarin makon zumuntar mata. Za ta tsaya gaban ikkilisiya ta ba da shaidar yadda Ubangiji ya share mata hawaye. Ruth ta ce to. Komai yanzu to take cewa. Sai dai ba ta iya jera zance ba, shi ya sa nake so ka rubuto mana shaidar, mai daɗi, da 'yan ayoyi a ciki, yadda karantawa kawai za ta yi.

Akwai wani ɗan abu, ba babba ba. Ta rage cin abinci, zanenta har ya fara yi mata yawa. Kuma kullum da safe sai ta dama koko a ƙaramin kofin roba, ta ajiye a bakin ƙofa har ya huce, sannan ta zuba wa kaji. Na ce azumi kike? Ta ce to. Tanko ya ce in ƙyale ta, kowa da yadda yake addu'arsa. In akwai ayar buɗe ciki ka haɗo da ita.

Na rubuto ne ban kira ba, don ni da su bango ɗaya ne ya raba mu, kuma ka san muryata. Tasi'u direba zai kawo maka, yana bi ta Ningi.

Innarka,
Jummai


Jos
Oktoba

Inna Jummai,

Barka da aiki, barka da haƙuri da mu. Na gode Allah da jin lafiyarku. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Ni ma lafiya, sanyin dai ya fi ƙarfin rigunan da na zo da su. Maganar rumfa na karɓa, ni ne mai shara da safe.

Inna, ki gafarce ni, ba zan rubuta shaidar ba. Shaida abin da mutum ya gani ne Allah ya yi masa. Ni kuwa daga wasiƙarki ban ga an share wa Ruth hawaye ba. Na ga ba su fito ba ne tukuna. Kofin kokon nan ya hana ni sukuni, kuma na san ke ma ya hana ki, da ba ki rubuta shi ba.

Ina ganin ya kamata ta ga likitan ƙwaƙwalwa, kuma kada a jira.

Dariyar da kika yi wa karatunmu, a ajinmu ma ana wannan gardamar. Wani malaminmu ya ce Maganar Allah ta ishi kowace damuwa, ilimin Turawa ba ya ƙara wa fasto komai sai girman kai. Wata malama, wadda ta yi aikin asibiti kafin ta zo nan, ta ce wanda ya halicci rai shi ya halicci ƙwaƙwalwa, kuma sanin yadda take aiki ba raina shi ba ne, kamar yadda sanin sauro ne ke kawo zazzaɓi bai hana kowa durƙusawa ba. Ni na fi karkata wajenta. Saikoloji ya koya mini in gane baƙin cikin da ke tafiya a hankali yana sauƙi, da wanda ya tsaya wuri ɗaya yana cin mai shi. Abin da ba zai iya ba shi ne ya gaya wa Ruth inda 'yarta take, ko wa ke riƙe da ita yanzu. Wannan namu ne.

Ki taimake ni da amsa. Tana barci? Tana zuwa gidan kowa, ko tana fita ita kaɗai? Tun rasuwar, akwai wanda ya kira sunan yarinyar a gabanta?

Ki gaida Tanko da Ruth.

Ɗanki,
Elisha


Sabon Gari, Wudil
Nuwamba

Elisha,

Muna lafiya. Gwiwa tana nan.

Na san ka yi ta aiko da saƙo ta wayar Tanko kana tambaya ko takardarka ta iso. Ta iso tuni. A rumfa na buɗe ta, na kai kan "likitan ƙwaƙwalwa", na ninke, na cusa ƙarƙashin buhu. Na aike ka ayoyi, ka dawo mini da asibitin mahaukata na Dawanau. 'Yar da na goya, wadda garin nan kaf ke nunawa da yatsa ana cewa ku yi koyi da ita, kai daga kan dutse ka hango hauka. Mu nawa ne a cocin nan? In aka ga Ruth a layin wannan likitan ran Talata, kafin Laraba labari ya kai Kafur. A can ba za a ce baƙin ciki ba ne, cewa za a yi a jininmu yake, kuma akwai 'yan mata a gidan da ba su yi aure ba. Wannan kuma akwai shi a littafinku?

Na ce ba zan ƙara rubuto maka ba. To ga ni.

Akwai Yelwa, mai suyar kifi a bakin gada, ƙawata tun zuwanmu garin nan. Ran Litinin ta zo rumfata ta zauna, ba ta taya komai ba, nan na san da magana. Ta ce, "Jummai, me 'yarki take nema a gada?" Na ce wace gada? Ta ce, "Gada nawa ce a Wudil da nake zama bakinta? Ba yau ta fara ba. Da hantsi take zuwa, ta tsaya a tsakiya, ta dafa ƙarfe tana kallon ruwa, tireloli na wucewa ko waiwaye. Jiya na kira ta ta zo ta ci kifi, ta ce to, ba ta motsa ba. Sai da na bar kaskona a wuta na je na kamo hannunta. Ga rana tsaka, hannun sanyi ƙalau." Na ce iska take sha. Yelwa ta dube ni ta ce, "Ni da ke mun girmi wannan maganar."

Da ta tafi na ɗaga buhu na ciro takardarka. Ashe akwai saura a ƙasa, ban karanta ba. Ga amsarka. Ba ta barci, Tanko ya ce duk sanda ya farka idonta biyu. Ba ta shiga gidan kowa. Sunan kuwa, wa zai kira? Don a tayar mata da hankali? Ita kuma ta yaya za ta kira? Kai ka taɓa jin uwarka ta kira na yayanka?

Shaidar ta matso, Lahadi ta sama ce. An riga an ɗinka mata anko, sai da tela ya sake rage shi. Ban ce na yarda da kai ba. Tayi nake. Faɗi abin da za a yi, in ga wanda zan iya ɗauka. Na ce wa Tasi'u kada ya bar Jos sai da amsa a aljihunsa.

Jummai


Jos
Nuwamba

Inna,

Ina gaisuwa. A tasha nake rubuta wannan, a kan bayan motar Tasi'u, ki yi haƙuri da rubutun. Na riga na kira Tanko, kuma abin da na gaya masa shi zan fara gaya miki: daga yau kada a bar Ruth ita kaɗai. In kina kasuwa, wata ta zauna da ita. Ki gode wa Yelwa a madadina.

Ban ce Ruth ta haukace ba. Na jefo miki kalma mai nauyi ban yi mata shimfiɗa ba, wannan gangancina ne. Hankalinta ƙalau. Ciwo ne ke damunta, na wanda aka ɗora wa kaya aka hana shi nishi. Ba sai kin kai ta Dawanau ba. Ku fara da asibitin da Tanko ke da kati, likita zai san inda za a nufa. Ni ɗalibi ne, kuma ko na gama, abu na farko da ake koya mana shi ne mu san inda aikinmu ya tsaya na likita ya fara. Ba na iya sa ta barci da wa'azi.

Amma akwai abin da likita ba zai iya ba, ni ma ba zan iya ba daga nan. Ki zauna da ita. Kada ki yi mata nasiha, kada ki ja aya, kada ki ce haƙuri, ta ji wannan kalmar har ta ƙoshi. Ki yi shiru ki jira. Na san wannan ya fi ɗaukar buhu wuya a wajenki.

Kunyar ɗan fari ban raina ta ba, a cikinta na tashi. Amma don mai rai aka yi ta. Yarinya na gabanki kina kau da kai, kowa ya san ƙauna ce. Yanzu babu yarinyar, kau da kan ne kawai ya rage. Mu kuma a coci muka zo muka yaba mata, muka ƙara kulle ƙofar. Ubangijinmu kansa ya tsaya a bakin kabarin abokinsa ya yi kuka, alhali ya san abin da zai yi bayan nan, kuma ba wanda ya ce bangaskiyarsa ta gaza. Ruth ba za ta iya fara kiran sunan ba. Amma ke kaka ce a wurin Barakatu. Bakin kaka a sake yake. Ki kira shi ke.

In ta buɗe baki, ki tambaye ta kai tsaye me take tunani a gada. Tambayar ba ta sa wa mutum abin da ba shi da shi a zuciya.

Shaidar kuma a janye ta. Yadda za ki yi da matar Fasto, ba ni zan koya miki ba.

Ina addu'a, kuma wayata a kunne take.

Elisha


Sabon Gari, Wudil
Disamba

Ɗana Elisha,

Gaisuwa da fatan alheri cikin sunan Yesu. Yaya jarrabawa? Na ba Tasi'u rigar sanyi ta mijina marigayi ya kawo maka, da ɗan wake. In ta yi maka yawa ka ci waken.

Tanko ya ce yana ba ka labari a waya, amma na san labarin Tanko: "Da sauƙi, mun gode Allah," shi ke nan. Bari ka ji daga bakin mai kaya.

Na rufe rumfa ran Juma'a. Ka sake karanta wannan layin. Maƙwabtan rumfa har aike suka yi a dubo ko na mutu. Na ɗauki wake a tire na shiga wajen Ruth na ce ta taya ni tsincewa. Ta ce to. Muka zauna a tabarma a inuwar ɗaki. Na yi shiru yadda ka ce. Elisha, nasiha ta zo mini har maƙogwaro, masu kyau, waɗanda da na faɗa da kai ma ka rubuta a littafi. Na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ake ji sai tsakuwa tana faɗawa gwangwani. Har inuwa ta gudu ta bar mana ƙafafu a rana.

Sai na ce, kamar da waken nake magana, "Barakatu ce ta iya aikin nan. Ina tsince tsakuwa tana mayarwa."

Hannunta ya tsaya. Ban dube ta ba. Na ce, "Ja'irar, ran nan ta cusa ƙwaya ɗaya a hanci, ta zo tana yi mini dariya da haƙoranta biyu. Barakatu ke nan. Ta cinye mini ƙosai ta tafi ba sallama."

Ta ce, "Gwaggo." Na ce na'am. Ta ce, "Ran da zazzaɓin ya fara, da safe, ta miƙo mini hannu in ɗauke ta. Uwar Tanko na zaune. Na ce ta je wajenki." Ta yi shiru. Ni ma na yi, Allah ya taimake ni. Ta ce, "Ban ɗauke ta ba, Gwaggo. Ta miƙo hannu biyu."

Daga nan ta kira sunan. Bai fita daidai ba da farko, kamar mai koyon magana. Ta sake kira. Sannan abin ya ɓalle. Na ga kuka a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Tire ya kife, wake ya watse a tsakar gida, kaji suka yi biki. Na rungume ta, ƙasusuwa ne kawai a hannuna. Ban ce yi shiru ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga a firgice tana salati, ta ce wa ya rasu? Na ce wadda ta rasu da damina ce, yau muka samu labari.

Tanko ya dawo cin abincin rana ya same mu a haka. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Na ce ko ka shigo ko ka fita, kana tare mana iska. Ya shigo ya durƙusa. Ashe shi ma nasa yana nan a ajiye.

Da ta lafa na yi mata tambayar gada, kai tsaye. Ta ce, "Ban yanke komai ba, Gwaggo. Amma wani lokaci ina ganin kamar da sauƙi." To daga nan ban ƙara yin ciniki da kai ba.

Washegari muka tafi asibiti. Duk wanda ya tambaya a hanya na ce gwiwata za a duba, Ruth rakiya ta yi mini. Ba ƙarya na yi ba, an duba ta, har allura na sha a banza. Likitan yaro ne, Dakta Abdulbaƙi, mai ɗan gemu. Ya fitar da ni waje, ni da na kawo ta! Suka daɗe. Ya ce ciwon damuwa ne, yana da magani, amma ba na kwana ɗaya ba. Ya rubuta ƙwaya, ya ba ta ranar dawowa, ya ce akwai wata da za ta riƙa zama da ita suna magana. Da za mu fito ya ce, "Mama, kuna da masu yi mata addu'a?" Na ce har sun yi yawa. Ya yi dariya ya ce a ci gaba, amma a bar ta ta yi kuka.

Matar Fasto kuwa ban yi gardamar aya da ita ba, ta fi ni. Na kai mata gaisuwa, na yabi labulenta, na ce, "Mama, shaidar nan ba ta nuna ba. In muka tsinke ta ɗanya a gaban baƙi daga wasu ikkilisiyoyi, yarinya ta faɗi a kan bagade, sunan wa za a kira, nawa ko naki?" Ta yi tunani ta ce Ruhu ya riga ya nuna mata a ɗaga. Na ce ai na sani. Shi Fasto da kansa ya zo gida daga baya, ba tare da an kira shi ba. Ya zauna ya fi ni shiru, ya yi gajeriyar addu'a, ya kira Barakatu da sunanta a ciki. Na ƙara ganin girmansa.

Ran Lahadin Ruth ta sa ankon ta zauna a bencin baya kusa da ni. Tun waƙar farko take hawaye har aka tashi. Da muka koma gida ta ci tuwo, ba da yawa ba, amma da miya, kuma ta ce gishiri ya yi yawa. Elisha, ta kushe girkina! Ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba.

Kada ka ce ta warke. Akwai ranakun da ba ta tashi daga gado. Har yanzu ba ma barinta ita kaɗai, kuma Yelwa ta ce idonta na kan gada ko tana juya kifi. Amma tana barci, kuma jiya na ce ta raka ni kasuwa ta ce a'a. Ka zo da Kirsimeti, ta ce tana so ta gan ka. Ban gaya mata kai ne ka hana ta shaida ba, ka zo ka faɗa da bakinka.

Innarka,
Jummai

Af, na manta. Wasu daga cikin matan zumunta sun fara zagayawa suna cewa a dage da yi wa Ruth addu'a, wai bangaskiyarta ta yi rauni, an ji tana kuka, an kuma ji tana shan ƙwaya. Sanda take bushewa a tsaye, bakinta a rufe, sun ce bangaskiyarta ta cika har tana zuba. Yanzu da take kuka tana cin tuwo, sun ce ta ragu. Ni dai awo ne sana'ata, kai kuma ka yi karatu: da wane kwano suke aunawa?